Alfijirin Ƙarya a Kan Duwatsun Mubi

Bakano idan ya doshi Mubi, darasin farko da hanya ke koya masa shi ne Adamawa ba a Yola ta ƙare ba. Ka sauka Jimeta kana hamdala ka iso, sai direba ya ce da sauran kusan kilomita 200. Girei, Song, Gombi, Hong, sannan Mararraba, inda titi ke rabuwa biyu, ɗaya ya miƙe Michika da Madagali, ɗaya ya karkata gabas ya shiga Mubi. Tun daga Song duwatsu ke fara raka matafiyi, ba sa kuma rabuwa da shi har ya isa. Mu da Dala da Gwauron Dutse suka ishe mu tinƙaho, a nan sai mu kama bakinmu. A ƙarshen damina na je, cikin Oktoba, dawa ta yi kai, ciyawa ba ta soma bushewa ba, ruwan ƙarshe ya wanke sama tas.

Mubi garin kan iyaka ne, bai kuma damu da ɓoye hakan ba. Ana canjin sefa a fili a kasuwa. Shanun da ake lodawa a tirela zuwa Kudu, da yawansu daga Kamaru da Chadi suka tako. Kunne kan tsinci Fulatanci da Gude da Fali da Higi da Margi kafin ya dawo kan Hausa, wadda da ita kowa ke ciniki. Tsofaffin garin sun girmi zamansu 'yan Najeriya: Jamusawa sun riƙe yankin, Turawan Ingila suka karɓe shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanen arewacin Kamarun Ingila suka zaɓi Najeriya, aka kafa Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Yau ga kwalejin fasaha ta tarayya, ga Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, don haka duk inda ka juya ɗalibi ne da jaka a baya.

A Lokuwa na sauka, ɗaya daga unguwannin Mubi ta Arewa, wurin ƙanena ɗan ƙanwar mahaifiyarmu. Malamin fiziks ne a wata sakandare, ya auri 'yar gari ya zauna, har Hausarsa ta fara karkata. Abin da ya fara rikita ni a gidansa lokaci ne. Agogonmu ɗaya da nasu, amma Mubi tana gabas da Kano da kusan digiri biyar, kowane digiri kuwa minti huɗu ne a tafiyar rana. Alfijirinsu kan riga namu da kusan minti ashirin. Tsoron makara ya sa nake farkawa tun dare da saura, in fito ƙofar gida in zauna. Babu wuta a unguwar a waɗannan kwanaki, masu janareta sun kashe tun tsakar dare, watan kuma sabo ne, ya faɗi tun da wuri.

A nan na san ladanin masallacin layin, dattijo Bafulatani da kowa ke kira Baba Ladan. Yana da jadawalin salla manne a bango, jikokinsa sun saka masa manhajar kiran salla a waya, amma duk da haka sai ya fito ya dubi gabas da idonsa. Wata asuba na tarar da shi tsaye yana kallon saman duwatsun Mandara, na bi idonsa, sai na ga wani fari-fari ya taso daga bayan dutse ya miƙe sama, gindinsa da faɗi, kansa siriri, ya kai kusan rabin hanya zuwa tsakiyar sama. Taurari na bayyana ta cikinsa. Na ce, "Baba, ashe gari ya waye." Bai ko juyo ba ya ce, "Zauna, ɗana. Wannan na ƙarya ne. Mai azumi ma ya ci abincinsa." Muka zauna. Can sai wani farin daban ya shimfiɗu a kwance, ya bi layin duwatsu kudu da arewa, na tsayen ya dushe a cikinsa. Sannan ya gyara murya ya shiga.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya san babin: alfijir biyu ne, kazibi da sadiƙi. Na farko a tsaye yake, masana fiƙihu kan kamanta shi da wutsiyar kyarkeci, ba ya halatta sallar asuba, ba ya haramta sahur. Na biyu a kwance yake, shi ke da hukunci. Na haddace wannan tun ina yaro. A Kano kuwa, tsakanin fitilun titi da hayaƙin ababen hawa da ƙurar gari, babin ya zama na hadda kawai. Sai a Lokuwa na ga abin da ake nufi.

Da na ba ƙanena labari wajen karin kumallo, sai ya ajiye kofin shayi. "Yaya, ka san abin da ka gani kuwa? Abin da ya hana masanan Amurka da Japan barci shekara talatin ke nan." Ƙura ce, in ji shi. Tsakanin duniyoyin da ke zagaya rana akwai ƙura shimfiɗe a faifai guda, mafi yawanta ɓarɓashin taurari masu wutsiya ne, sauran kuma na duwatsun sama da suka yi karo. Rana tana can ƙarƙashin ƙasa ba ta ɓullo ba, amma haskenta ya riga ya bugi wannan ƙura, shi ne muke gani a tsaye. Cassini ya yi nazarinta a Paris tun 1683, ƙarnuka bayan ladanai sun san ta. Mutanen Turai sai sun yi sa'a suke ganinta, domin a can hanyar rana kan kwanta kusa da ƙasa. Mubi tana kan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, inda hanyar ke miƙewa kusan sak, musamman da asubahin Satumba da Oktoba. Duwatsun gabas ma suna taimakawa, tunda sukan tare hasken ƙasa-ƙasa su bar na sama.

Yadda wannan ƙura ta shiga tsakanin masana da abin da suke nema doguwar magana ce, kuma ƙanena malamin aji ne, ba ya fara magana daga tsakiya. Ya ɗauko rimot ɗin talabijin, ya ce in buɗe kyamarar wayata in saita ta a kan ɗan ƙwan da ke gabansa. Ya danna. Idona bai ga komai ba, amma a fuskar waya ga ƙwan yana ƙyalƙyali. Wannan shi ne hasken bayan ja, wanda zangonsa ya fi na jan launi tsawo, ido ya gaza kama shi. William Herschel ne ya gano shi a 1800, da ya raba hasken rana launi-launi da gilashi, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da inda ja ya ƙare, ya ga ma'aunin ya hau a wurin da babu komai a ido. Ana auna zangon da maikiron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Idon mutum yana tsayawa wajen maikiron 0.7, rimot yana aiki wajen 0.94.

Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya a biliyan 13.8. A farko zafi da cunkoso sun yi yawan da haske ba ya iya tafiya. Bayan shekara 380,000 aka huce har haske ya samu hanya, kuma wannan tsohon haske yana nan, Arno Penzias da Robert Wilson suka ci karo da shi, suka sanar a 1965. Daga nan sai duhu. Babu tauraro ko ɗaya, iskar haidurojin da hiliyom ce kawai ke taruwa sannu a hankali, har wajen shekara miliyan 100 zuwa 200, lokacin da taurarin farko suka kunnu. Lissafi ya nuna manya ne ƙwarai, wasu sun ninka rana nauyi sau gommai ko ɗaruruwa, masu tsananin zafi, masu gajeren kwana, shekara miliyan kaɗan su ƙone su fashe. A cikinsu aka fara dafa sinadaran da babu su a da, irin su kabon da iskar da muke shaƙa da ƙarfe. Haskensu ya fito ne a gajeren zango, gaba da shuɗi. Amma sararin da ya ratso yana ta buɗewa tun daga lokacin, ya miƙar da zangon sau goma ko ashirin. Abin da ya tashi a maikiron 0.12 sai ya iso mana a 1.3 ko fiye, wato ya koma bayan ja. Ɗaya-ɗaya sun yi nisan da ba a rarrabe su. Sai dai a nemi jimillar haskensu, wani ɗan dishi-dishi da ya kamata ya lulluɓe sama ta ko'ina. Bruce Partridge da James Peebles na Jami'ar Princeton sun yi hasashen irin wannan shimfiɗar haske tun 1967.

Daga doron ƙasa ba a iya wannan aiki, ko a Lokuwa ko a ina. Tururin ruwa yana shanye wani ɓangare na hasken, iskar sama kanta kuma tana fitar da nata hasken bayan ja mai kaɗawa. Balle a ce hunturu ya shigo. Ƙanena ya nuna mini arewa maso gabas da hannu, ya ce can cikin Chadi akwai kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon tafki, daga nan farar ƙurar da ke rufe Mubi daga Nuwamba take tasowa, har ta haye Tekun Atlantika. Wannan ƙura ta farko ke nan, roka kan tsallake ta cikin minti biyu. Ta biyu, ta Baba Ladan, ba ta tsallakuwa da sauƙi, domin duniyarmu a cikinta take iyo. Duk tauraron ɗan'adam da ke kusa da mu ta cikinta yake leƙe, kuma a zangon da ake nema haskenta ya ninka abin da ake nema sau gommai. Ta uku tana cikin garken taurarinmu, wannan farar hanya da ke ratsa sama da dare; tauraron IRAS ya gano ta a 1983 shimfiɗe yaɗe-yaɗe har a wuraren da ake zaton babu komai.

A ranar 18 ga Nuwamba 1989 hukumar NASA ta harba tauraron COBE, ɗauke da na'urori uku. Biyu daga ciki sun jawo wa John Mather da George Smoot kyautar Nobel a 2006. Ta ukun, DIRBE, ƙarƙashin Michael Hauser, aikinta neman wannan shimfiɗar haske a zango goma, daga maikiron 1.25 zuwa 240. A dogon zango an dace: Jean-Loup Puget da abokansa a Faransa suka fara hango ta a 1996, ƙungiyar Hauser ta tabbatar a 1998. Aka gane cewa kusan rabin duk hasken da taurari suka taɓa fitarwa ƙura ce ta shanye shi a garkunansu, ta sake fitar da shi a matsayin ɗumi. Babban bincike ne, amma na zamanin baya-baya ne, lokacin da garkunan taurari suka riga suka girma. A gajeren zango, inda ake sa ran sawun taurarin farko, an rasa tudun dafawa. Sai ka ƙiyasta hasken ƙurar rana ka cire, kuskure kaɗan a ƙiyasin kuma ya fi abin da ya rage girma.

Dabarar da ta sauya wasan ta Alexander Kashlinsky ce, na cibiyar Goddard da ke jihar Maryland. Tunda jimilla ta gagara aunawa, sai a auna roɗi-roɗi. Ƙurar rana sumul take a sama, ba ta da dabbare. Abin da ya fito daga farkon zamani kuwa dole ya zo da dabbare, domin tun asali abubuwa ba su rarrabu daidai ba, wani wuri ya fi wani cika, kuma a cikakkun wuraren taurarin farko suka taru. Shi da Richard Arendt da Mather da Harvey Moseley suka ɗauki hoton wani ɗan yanki na samaniyar arewa da madubin Spitzer, wanda aka harba a Agustan 2003, ya zura wa wurin ido na kusan awa 10. Suka bi hoton suna shafe duk tauraro da duk garken da ake iya gani, komai ƙanƙantarsa, suka bar gurbinsa baƙi. Abin da ya rage ya kamata ya zama fili sumul, in ban da ƙaiƙayin na'ura. Sai ga shi da faci-faci, manya, waɗanda suka fi ƙarfin a ce ragowar ƙananan garkunan da aka sani ne. Suka buga a mujallar Nature a Nuwamban 2005, suka ce mai yiwuwa hasken abubuwan farko ne. Daga baya suka sake gwaji mai kyau: suka kwatanta hotunan wuri ɗaya da aka ɗauka wata shida tsakani. A wata shida duniya ta koma ɗaya gefen rana, ƙurar da ake leƙe ta cikinta ta canza. Dabbaren bai canza ba. Tauraron AKARI na Japan ma ya ga irinsa a 2011, a binciken Toshio Matsumoto.

Har nan babu mai musun akwai dabbare. Rigimar ita ce na wane ne. Rodger Thompson na Jami'ar Arizona ya duba hotunan Hubble a 2007 ya ce ƙananan garkuna ne na yau da kullum. A Oktoban 2012 Asantha Cooray na Jami'ar California a Irvine ya fito da wata amsa, ita ma a Nature, bayan nazarin awa 250 na hotunan Spitzer. Ya ce idan garkuna biyu suka yi karo ko suka gifta juna, ana fizge wasu taurari a watsar da su can gefe. Nan ƙanena ya yi dariya ya ce ba sai an yi wa mutumin Mubi dogon bayani ba: duk ranar da garkunan shanu suka haɗu a mashigar kasuwa, sai an samu waɗanda suka ɓalle suna gararamba a bayan gari, ba a lissafa su a garken kowa, amma suna nan. Ɓatattun taurarin sun yi dishin da ba a ganin su ɗaya-ɗaya, shafewar da ake yi wa garke ba ta kai gare su, kuma tunda kewaye da garkuna suke, dole haskensu ya yi dabbare. Idan haka ne, abin da Spitzer ya gani ba na farkon zamani ba ne, na tsakiyarsa ne.

A 2013 ɓangaren Kashlinsky suka samu ƙarin hujja. Nico Cappelluti ya ɗora taswirar Spitzer a kan ta madubin Chandra, mai ganin hasken eksire irin na hoton ƙashi, ya tarar dabbaren biyu suna haɗuwa a wurare ɗaya. Tauraro na yau da kullum ba ya fitar da eksire mai yawa haka. Baƙin rami mai haɗiyar iska shi ke yi. Suka ƙiyasta aƙalla ɗaya cikin biyar na masu wannan haske baƙaƙen ramuka ne. Ɓatattun taurari ba su da amsar wannan a sauƙaƙe.

Sai ga CIBER. Wannan ƙaramar na'ura ce da ake ɗorawa a kan roka, a harba ta sama da kilomita 300, ta yi 'yan mintuna tana ɗaukar hoto, ta sauko da lema a hamadar White Sands a gyara ta a sake. An harba ta sau huɗu tsakanin 2009 da 2013, na ƙarshen daga tsibirin Wallops, inda aka bar ta ta faɗa teku. Gwajinta na launi ne. Hasken da ya fito daga farkon zamani sai ya ratsa hazon haidurojin, wanda ke yanke duk gajeren zango, don haka ya kamata ya raunana idan aka matso kusa da abin da ido ke gani. Michael Zemcov da James Bock da abokansu suka auna a maikiron 1.1 da 1.6, suka ga dabbaren ƙara ƙarfi ma yake yi, ya fi abin da garkunan farko za su iya bayarwa nesa ba kusa ba. Suka goyi bayan ɓatattun taurari, har aka yi ta yaɗa cewa mai yiwuwa kusan rabin taurarin sama ba sa cikin garke. Ɗaya ɓangaren suka amsa da cewa ƙaramin madubin CIBER bai shafe ƙananan garkuna sosai yadda Spitzer ya yi ba, kuma ƙura ta uku na iya shiga lissafin.

Mujallar Science ta buga sakamakon CIBER a makon farko na Nuwamban 2014. Da ƙanena ya faɗi kwanan watan sai matarsa, da ke tankaɗe a gefe, ta ɗago kai. Ranar 29 ga Oktoban wannan shekara Boko Haram suka shiga Mubi, suka sauya mata suna, mutane suka watse a ƙafa, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, wasu ta daji zuwa Yola. Sai tsakiyar Nuwamba mafarauta da 'yan sa-kai da sojoji suka ƙwato garin. Ya ce shi a makon da duniya ke gardamar ɓatattun taurari, yana kwance a barandar wata makaranta da takalmi ɗaya. Shekaru bayan haka ya karanta takardar. Ba su ƙara komai a kai ba, ni ma ban tona ba. Na lura dai a Mubi ba a cika jan wannan zance da baƙo ba. A ambata a wuce, a koma maganar farashin masara.

Muka shafe sauran kwanakina muna musu, shi da hujja, ni da taurin kan ɗan jarida. Shi yana tare da Kashlinsky. Hujjarsa madubin James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021. Tun da ya fara aiki yake tono garkuna masu haske a zamanin da ba a zata ba. Wanda aka sanar a Mayun 2024 yana nan tun sararin samaniya na da shekara miliyan 290 kacal. An kuma ga manyan baƙaƙen ramuka tun da wuri, fiye da yadda lissafin baya ya tanada. Ya ce idan farkon zamani ya fi yadda aka zata cika, me zai hana dabbaren ya zama nasa? Har ya kawo mini maganar da Kashlinsky ya yi a 2016, bayan na'urar LIGO ta ji karon baƙaƙen ramuka biyu masu nauyin rana kusan talatin-talatin: wai mai yiwuwa irin waɗannan tun farkon halitta suke, su ne ma ɓoyayyen abin da ke riƙe da garkunan taurari. Wannan kam ko shi ya yarda an yi nisa da kiwo.

Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne labarin New Horizons, kumbon da ya wuce Pluto a 2015 ya yi nisan da ya bar ƙurar rana a baya. Daga can aka auna duhun sama a hasken da ido ke gani. A 2022 aka ce an samu rarar haske, jimillar ta kai kusan ninki biyu na abin da garkunan da aka sani za su bayar. A 2024, kumbon yana nesa da rana sau 57 na nisanmu, aka sake lissafi da ingantacciyar taswirar ƙurar garkenmu, sai rarar ta kusa ɓacewa. Ba zango ɗaya ba ne da na Spitzer, kuma jimilla aka auna ba dabbare ba, ƙanena bai bar ni na manta da hakan ba. Amma a ganina tarihin fannin yana da hali: sau da yawa idan aka ce ga hasken nesa, sai a dawo a tarar wani kaso nasa ƙurar kusa ce ba a gama sharewa ba. Zatona mafi yawan dabbaren na kusa ne, da ɗan ƙanƙanin rabo na farkon zamani a ƙarƙashinsa, kuma wannan ɗan rabon ne zai ci wa masana shekaru. Da muka kai ƙara wurin Baba Ladan bayan sallar isha, ƙanena ya fassara masa rigimar cikin Fulatanci, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko su waɗannan mutane akwai wanda ke jiran su da sahur. Aka ce babu. Ya ce to su yi ta dubawa, ba a matsa musu ba.

Masu raba gardamar suna sama yanzu. Madubin Euclid na Turai ya tashi ranar 1 ga Yuli 2023, Kashlinsky na jagorantar wani shiri na auna dabbaren da shi a fili mai faɗi. A Maris 2025 NASA ta harba SPHEREx daga Vandenberg a California, ƙarƙashin James Bock ɗin nan na CIBER. Madubinsa bai wuce santimita 20 ba, amma yana ɗaukar sama gaba ɗaya duk wata shida a launi 102 na bayan ja, yana kuma nanata kallon wurare biyu da suka fi nisa da faifan ƙurar rana. Da launi 102 maimakon biyu ko huɗu, ana sa ran ganin ko akwai wurin da hasken ya yanke kwatsam, wanda shi ne hatimin farkon zamani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bayanan a buɗe suke. Hotunan Spitzer da na SPHEREx suna rumbun intanet na Caltech, kyauta, ba a tambayar fasfo. Najeriya tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003, tana da cibiyar nazarin taurari a Nsukka, kuma duk lokacin da aka tashi maganar ciyar da fannin gaba sai a fara da gini da babban madubi. Wannan aikin dai ba ya bukatar ko ɗaya, tunda ko an gina madubin a kan dutsen Mandara iska ba za ta bar shi ya gani ba. Kwamfuta yake so, da lissafi, da wuta mai zama, da datar da ba a ƙirga ta da megabait. Ƙanena yana da biyun farko. Ya nuna mini hoto ɗaya da ya sauke cikin dare lokacin garaɓasar data, ya shafe taurarinsa da wani ɗan shiri da ya rubuta da kansa. Abin da ya rage toka-toka ne mai ɗigo-ɗigo. Na tambaye shi ko dabbaren ke nan, ya ce a'a, Yaya, wannan ƙaiƙayin na'ura ne, sai an tara ɗaruruwan irinsa an haɗa kafin a fara magana, batirinsa kuma awa biyu yake yi.

Fitilun sola sun fara shigowa layukan unguwar, kuma ban ji mutum ɗaya ya yi kuka da su ba. Garin da ya ga 2014 ba a yi masa wa'azin daɗin duhu. Baba Ladan da kansa ya ce in an kafa ɗaya a ƙofar masallaci zai fi kowa murna, saboda kunama. Ƙanena dai yana so 'yan ajinsa su ga hasken tsayen kafin nan. Iyaye ba za su saki yara ƙarfe huɗu na asuba ba, ya sani, bai ma tambaya ba. Amma ƙurar tana bayyana da yamma ma, a yamma, bayan shafaƙi ya ɓace, kuma lokacinta mafi kyau Fabrairu da Maris, daidai sa'ar da ƙurar Bodele ba ta gama sauka ba. Ya ce zai jira ruwan farko ya wanke sama, ya duba kwanan wata ya zaɓi daren da farin wata bai fito da wuri ba, ya nemi izinin shugaban makaranta da na mai unguwa, ya fita da su bayan gari ta hanyar Digil.